Mawaƙa Takwas ko Ɗari? Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Kan Kiɗan Coci na Bach

A shekarar 1961 wani dattijon jagoran makaɗa haifaffen Jamus, Otto Klemperer, ya kammala naɗar faifan babban aikin Johann Sebastian Bach da Jamusawa ke kira Matthäus-Passion, wato labarin shan wahalar Yesu kamar yadda Bisharar Matiyu ta kawo shi. A Landan aka yi aikin, da ƙungiyar Philharmonia. Waƙar buɗe fage kaɗai ta ci kusan minti 12. Bayan shekara 40 da ɗoriya wani Baturen Ingila, Paul McCreesh, ya naɗi wannan waƙa ba ragi ba ƙari, ya sauke ta cikin minti 6 da 'yan daƙiƙu. Klemperer ya cika dandali da mawaƙa, McCreesh kuwa mutum takwas ya ɗora wa nauyin aikin.

Takarda ɗaya ce a gaban mutanen nan biyu, kuma ba wanda za a kira ɗan koyo a cikinsu. Amma a hannun na farko waƙar tafe take da nauyi, ana ɗaga ƙafa da ƙyar, a hannun na biyu kuma jama'a ce ke tururuwa, kowa na tambayar na kusa da shi abin da ya faru. Har gobe masu sharhin kiɗa ba su daina cacar baki a kan wanda ya dace ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Masu tsara kiɗa na zamanin da ake kira Barok, daga wajen 1600 zuwa rasuwar Bach a 1750, ba su cika rubuta komai da komai a takarda ba. Na'urar auna gudun kiɗa ba ta shigo kasuwa ba sai wajen 1815. Sau da yawa ba a faɗi inda za a ɗaga murya ko a sassauta ba, ba a faɗi yawan mawaƙa ba, mai kaɗa ogan ma layin ƙasa kawai ake ba shi da 'yan lambobi, ya cike sauran da kansa. Mai aikin yana tsaye a wurin, shi ke horar da yaransa, to me zai ɓata tawada a kai? Da ya mutu sai sanin ya bi shi kabari, aka bar na baya da takarda da hasashe.

Abin da mutanen Leipzig suka ji

Bach ya kama aiki a Leipzig a 1723 a matsayin malamin waƙa na makarantar Cocin Toma, kuma mai kula da kiɗan manyan coci-cocin birnin. Ba shi majalisar gari ta so ba tun farko. Sai da aka nemi wasu masu tsara kiɗa biyu, Telemann ya ƙi, ubangidan Graupner kuma ya hana shi tafiya, sannan aka waiwayo shi. A yarjejeniyar da ya sa wa hannu an gindaya masa sharaɗi: kada kiɗansa ya yi tsawo, kada ya yi kama da na gidan wasan kwaikwayo, ya zama mai jan zuciya zuwa ibada. Ba a jima ba ya fito da aikin da ke cin kusan awa uku, rukunin mawaƙa biyu da na makaɗa biyu suna amsa wa juna. Sharaɗin tsawo dai ya sha ruwa.

Ranar Juma'ar da ke gaban Ista aka fara yin sa, a tsakiyar sujadar yamma. Mafi yawan masana sun tsaya a kan 1727, shi kuma ya sake gyara shi a 1736. Tun shigowar azumin Kiristoci, wajen mako shida ke nan, an jingine manyan kaɗe-kaɗe a coci, kunnuwa sun yi ƙishi. Mawaƙa da makaɗa suna can sama a benen baya, ba don kallo aka ajiye su ba. Aikin kashi biyu ne, a tsakaninsu fasto ya hau mumbari ya yi wa'azin kusan awa guda. Babu mace a cikin mawaƙa, yara maza ke ɗaukar siririyar murya. Tafi kuwa ba a ma kawo zancensa.

Magana iri uku Bach ya saƙa wuri guda. Akwai nassin Matiyu, sura 26 da 27, a fassarar Martin Luther, wanda wani mawaƙi da ake kira Mai Bishara ke karantawa da rauji. Akwai sababbin baitocin da wani marubucin Leipzig mai laƙabin Picander ya tsara, inda ake dakatar da labari, murya guda ta yi tunani a kan abin da ya wuce. Sai tsofaffin waƙoƙin jama'a na ɗariƙar Luther, waɗanda kowa a cocin ya taso da su tun yana goye. A kwafin da Bach ya rubuta da hannunsa a 1736, wanda ke ajiye yau a babban ɗakin karatu na Berlin, da jan tawada ya rubuta kalmomin Bishara. Duk mai son yanke hukunci a kan wani jagoran kiɗa ya fara tuna jan tawadar nan, don ta nuna abin da mai aikin ya sa a gaba.

Daga coci zuwa zauren tikiti

Bayan rasuwar Bach aikin ya kwanta, sai 'yan tsirarun masana da ke riƙe da kwafi. Wanda ya tashe shi saurayi ne ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, a Berlin, ranar 11 ga Maris 1829. Kakarsa ce ta ba shi kyautar kwafin. Ya tara mawaƙa sama da 150, maza da mata, ya datse kusan rabin aikin, ya musanya kayan busar da suka ɓace da na zamaninsa, ya ja ragama yana zaune gaban fiyano. Sarkin Prussia ya halarta, masanin falsafa Hegel ma yana wurin. Ba a coci aka yi ba, a zauren ƙungiyar mawaƙa aka yi, da tikiti. Daga ranar kiɗan ibada ya koma abin da ake biya a shiga a ji, kuma duk gardamar da ta biyo baya a nan aka binne cibiyarta.

Ƙarni na 19 ya so girma. A Ingila aikin Handel mai suna Messiah, wanda ƙaramin rukuni ya fara rerawa a Dublin a 1742, ya kai ga mawaƙa wajen 2,000 a bikin Crystal Palace na 1857. A Holan, Willem Mengelberg ya mayar da aikin Matiyu al'adar kowace shekara a zauren Concertgebouw na Amsterdam tun 1899. Faifansa na 1939 yana nan: yakan ja baiti har ka ce numfashi zai ɗauke, ya sake shi, ya kuma danne. Wasu mutanen ƙasar tun a lokacin suka ce abin ya yi yawa. Suka kafa Ƙungiyar Bach ta Holan a 1921, shekara ta zagayo suka fara yin nasu a tsohon cocin garin Naarden, ranar Juma'ar da aka tsara shi dominta. Har yau ana yi, ministocin gwamnati kan je su zauna.

Masu tono tsofaffin kaya

Juyin gaske ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Nikolaus Harnoncourt makaɗin babban goge ne a wata ƙungiyar birnin Vienna, ya gaji da yadda ake kaɗa tsohon kiɗa da salon sabo. A 1953 shi da matarsa Alice suka kafa Concentus Musicus, suka shiga neman tsofaffin kayan kiɗa da littattafan koyarwa na zamanin Bach. A 1970 ya naɗi aikin Matiyu da waɗannan kaya, ba mace ko ɗaya a cikin mawaƙa. Shekara ta gaba shi da Gustav Leonhardt na Holan suka ɗauki aikin naɗar dukkan waƙoƙin coci na mako-mako da Bach ya bari, kusan 200, aikin da ya ci su kusan shekara 20.

Bambancin ba na ado ba ne. Gogen zamanin Bach tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce, ba ƙarfe ba, sautinsa ba ya kai na yau ƙarfi amma ya fi shi laushi, kuma bakansa gajere ne mai sauƙi, ya fi dacewa da gajerun gaɓoɓi masu kama da furucin baki. Sarewa ta itace ce. Hatta tsayin sauti ya bambanta: ƙungiyoyin zamani kan daidaita kayansu a kan 440, masu tsofaffin kaya galibi a kan 415, wato an sauko da rabin mataki, abin da ke rage wa mawaƙi wahalar haurawa. Ba a kuma yawan karkaɗa murya, sai inda ake son ƙawa.

Akwai wuri guda da ya isa hujja. Gwamna Bilatus ya tambayi taro abin da zai yi da Yesu, taro ya yi kururuwar a gicciye shi, muryoyi na bin juna a karkace. Bilatus ya sake tambaya wane laifi ya yi. A nan Bach ya tsayar da komai, ya bar siririyar murya guda ta amsa. Ya cire layin ƙasa gaba ɗaya, wanda shi ne harsashin duk kiɗan Barok: ba ogan, ba babban goge. Sarewa guda ce ke shawagi a sama, ƙarƙashinta wasu algaitu biyu na bugawa a hankali, sai ka ji waƙar ba ta taɓa ƙasa. Algaitun nan wasu lanƙwasassu ne da aka naɗe da fata, bakinsu na tagulla, ana ƙera su a Leipzig a zamanin Bach, daga baya suka ɓace har aka manta kamanninsu. Sai a farkon shekarun 1970 aka gane su a gidajen adana kayan tarihi na Stockholm da Copenhagen, aka ƙera irinsu. Wanda ya ji wannan waƙa da su, ya kuma ji ta da magajinsu na zamani, ba ya bukatar dogon bayani. Na zamani santsi gare shi, na dā kuwa akwai ɗan kaushi da duhu a muryarsa, irin na mai riƙe kuka. Waƙar na ƙarewa taro ya sake ɓarkewa da kururuwar nan, wannan karon mataki guda sama da na farko. Idan jagora ya bar dogon shiru a tsakani, ko ya sassauta wa taron, ya ɓata tarkon da Bach ya ɗana.

Rigimar ƙidaya

Ana cikin haka, a 1981, wani Ba'amurke, Joshua Rifkin, wanda da yawa suka fi sani da kaɗa waƙoƙin Scott Joplin a fiyano, ya tashi a taron masana kiɗa a Boston ya jefa dutse a kasuwa. Ya ce abin da ake kira rukunin mawaƙan Bach galibi mutum huɗu ne, kowace murya mutum ɗaya. Hujjarsa takardun da mawaƙan suka riƙe ne a hannu, waɗanda da yawansu sun tsira. Galibi kwafi ɗaya ne ga kowace murya, kuma a cikinsa babu alamar da ke gaya wa na gefe inda zai shiga da inda zai yi shiru. A inda Bach ya so ƙarin masu amshi, sai ya sa a rubuta musu tasu takarda daban.

Aka yi masa ca. Masu ja da shi, irin su Robert Marshall da Christoph Wolff da Ton Koopman, suka ɗauko wasiƙar ƙorafin da Bach ya aika wa majalisar gari a watan Agustan 1730. A ciki ya ce kowane rukuni na bukatar aƙalla mutum uku a kowace murya, huɗu ma ya fi. Ya kasa ɗaliban makarantar uku: 17 masu amfani, 20 da ba su nuna ba tukuna, 17 da ba su da amfani sam. Rifkin ya amsa cewa wannan lissafin masu jiran aiki ne, don wani kan kwanta ciwo, wani kuma a ba shi goge ya riƙe, ba lissafin masu buɗe baki a lokaci guda ba. Andrew Parrott ya rubuta littafi sukutum a 2000 yana mara masa baya. McCreesh da John Butt suka gwada abin a faifai. Tsugune dai ba ta ƙare ba, amma yau ba mai yi wa Rifkin dariya.

Abin da ya fi jan hankalina a takardun nan ba ƙidayar ba ce. Takardar mai rera maganar Yesu tana ɗauke da waƙoƙin taro ma. Wato mutumin da ya gama magana da bakin Yesu shi ne zai juya ya shiga cikin masu kururuwar a gicciye, shi ne kuma zai rera waƙar binnewa daga ƙarshe. Ga mabiyin Luther wannan ba kuskure ba ne, koyarwa ce: laifin na kowa ne, har da mai waƙar da mai sauraro. Wannan na da nauyi, domin an daɗe ana tuhumar irin waɗannan ayyuka da hura wutar ƙin Yahudawa ta yadda ake nuna taron. Jagoran da ya zaunar da manyan mawaƙansa a gaba cikin kwat, ya bar wasu can baya su yi ta ihun mugunta, ya raba abin da Bach ya haɗa.

Sai dai mutum takwas na da nasu cikas. A ƙaramin coci mai amsa kuwwa abin kan yi kyau, kowace murya a fili, kalma ba ta ɓacewa. A zauren mutum 2,000 kuwa, lokacin da taro zai ƙwala sunan Barabbas, fursunan da suka zaɓa a saki maimakon Yesu, da murya ɗaya, abin da ya kamata ya girgiza bango sai ya fito kamar gardamar 'yan kwamiti. Kuma idan ɗaya cikin takwas ɗin ya gaji, ba inda zai ɓuya.

Wa ya san yadda aka yi?

Masu tsofaffin kaya sun yi wa kansu illa da kalmar asali, wato iƙirarin cewa nasu ne sautin zamanin Bach na gaske. Wani masani Ba'amurke mai kaifin alƙalami, Richard Taruskin, ya shafe shekaru yana caccakarsu, ya tattara rubuce-rubucen a littafi a 1995. Ya ce wannan sauti mai tsabta, mai sauri, marar kitse, ba na ƙarni na 18 ba ne, ɗanɗanon ƙarni na 20 ne aka sa wa tsohuwar riga. Bai ce ba shi da daɗi ba, ya ce dai a daina rantsuwa da kabarin Bach. Yana da gaskiya a wurare da dama. Ɗauki batun yara. A zamanin Bach muryar yaro kan kai shekara 16 ko 17 ba ta fashe ba, shi kansa yana ɗan shekara 15 aka ɗauke shi a Lüneburg saboda siririyar muryarsa. Yaron yau tasa kan fashe wajen 13, kafin huhu da hankali su isa ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi. Harnoncourt da kansa, da ya sake naɗar aikin a 2000, mata ya ba manyan waƙoƙin. A Cocin Toma kuwa, inda ƙasusuwan Bach ke kwance, babban rukunin yara ne ke rerawa duk shekara, ƙungiyar Gewandhaus mai kayan zamani na yi musu kiɗa.

Saboda haka a ganina mai sharhin da ya tsaya ƙirga kawuna da duba tsirkiya bai fara aikinsa ba. Tambayar farko ita ce: ana jin magana? Bahaushen da ya saba da Narambaɗa ko Shata ba baƙo ba ne ga wannan ma'auni, ya san kotso ko kalangu komai daɗinsa in ya danne zance an yi asara, 'yan amshi kuma aikinsu su ɗaga maganar, ba su binne ta ba. A aikin Matiyu duk nauyin yana wuyan Mai Bishara. Ogan da babban goge ne kawai ke tallafa masa da 'yan bugu, sauran shi da harshensa. Ernst Haefliger a faifan Karl Richter na 1958 yana bayar da labari kamar wanda aka yi abin a gabansa. Kurt Equiluz na Harnoncourt ya fi kamewa, amma ba gaɓar da ke faɗuwa ƙasa. Mark Padmore kan rage murya har ta kusa zama raɗa, wani lokaci ya wuce gona da iri. Idan Mai Bishara ya zama mai sanarwa kawai, yana sauri ya kauce don a shiga waƙa mai daɗi, to awa ukun nan za su yi wa mai sauraro tsawon kwana.

Inda ake gane gwani

Wurin da na fi auna kowane faifai shi ne musun Bitrus, almajirin da ya ce bai san Yesu ba. Ya yi musu sau uku, zakara ya yi cara, Mai Bishara ya ce ya fita waje ya yi kuka mai zafi. A kan fitar muryarsa takan haura kusa da iyakarta, a kan kukan kuma ta gangaro tana lanƙwasa. Sai goge guda ya shigo, manyan gogen ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Abin lura, ba Bitrus ke rera waƙar neman jinƙan ba. Bitrus mai kaurin murya ne, Bach kuwa ya ba wata murya ta tsakiya wadda ba ta da suna a labarin, don nadamar ta zama ta duk wanda ke zaune a cocin.

Tarko biyu ne a nan. Na farko na mai goge ne: waƙar na da kyau har takan ruɗe shi ya manta rakiya ya zo yi, ya shiga karkaɗa kowane sauti yana nuna gwaninta. Na biyu na jagora ne. An gina waƙar a kan wani taki mai lilo na rawar Italiya, kuma wasu masu tsofaffin kaya, don gudun a ce sun yi nauyi, sukan kore ta har ta koma rawa zalla, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Christa Ludwig a faifan Klemperer tana da dogon numfashi da ɗumin murya, a hankali take tafiya amma zaren bai tsinke ba. Michael Chance, namiji mai siririyar murya, a faifan John Eliot Gardiner na 1988, ya fi ta sanyi da tsabta, baƙin cikinsa na wanda ya haɗiye ne. Magdalena Kožená a na McCreesh a buɗe ta bar ciwon. Duk ukun sun isar da saƙo, kuma ba kayan kiɗa ne suka raba su ba.

Wuri na biyu shi ne mutuwar. Tun farkon aikin, duk lokacin da Yesu zai yi magana, gogaye kan kewaye muryarsa da dogon sauti mai laushi. A kalmominsa na ƙarshe a kan gicciye, inda yake kukan an yashe shi, Bach ya janye su. Jagoran da bai sa an saba da gogayen nan tun farko ba, ba wanda zai ji rashinsu a nan. Daga nan sai waƙar jama'a, a kan wani karin da Hans Leo Hassler ya tsara tun 1601 don waƙar soyayya kafin coci ya karɓe shi. Sau biyar karin ke fitowa a aikin, wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙasa, mafi duhu. An daɗe da al'adar a rera shi ba kiɗa, cikin raɗa. Yana taɓa zuciya, ban musa ba. Amma Bach ya rubuta wa makaɗa su bi muryoyin, kuma waƙar jama'a ce, ta mutanen da suka san wata rana su ma za su kwanta. Idan aka mayar da ita abin burgewa, an ƙwace ta daga hannun masu ita.

A dunƙule, masu tsofaffin kaya sun ci gardamar sauti. Sun wanke kiɗan, layuka sun fito, an gane cewa ko a cikin makoki Bach da takin rawa yake tunani. Yau hatta manyan ƙungiyoyin zamani sun rage yawa sun ƙara sauri. Amma saurin ya zama ɗabi'a, kuma akwai faifai da dama da ba ka iya bambanta wannan da wancan: tsaf-tsaf, ba kuskure, ba kuma abin da ya dame su. Klemperer bai bi tarihi ba ko kaɗan, wasu waƙoƙinsa ma nauyi ya kashe su, amma ya san abin da yake faɗa, kuma ya sa mawaƙansa sun sani.

Wasu kan ce sai mai bangaskiya ne zai iya wannan kiɗa, su kawo misalin Masaaki Suzuki. Haifaffen Kobe ta Japan ne, Kirista a ƙasar da Kiristoci ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ya yi karatu a Amsterdam, ya kafa Bach Collegium Japan a 1990, ya naɗi waƙoƙin cocin Bach cikin faifai 55 daga 1995 zuwa 2013, birnin Leipzig ya ba shi lambar girma ta Bach a 2012. Natsuwar da ke cikin aikinsa ba ta ɓoyuwa. Amma abin da ke zuciyar mutum ba ya hawa faifai. Abin da kunne ke iya kamawa shi ne ko mawaƙi ya san ma'anar kalmar da ke bakinsa, ko ya san wa yake yi wa magana. Gardiner ya bi ta wata hanya: a 2016 ya sa rukuninsa suka haddace aikin, suka rera shi a babban cocin Pisa ba takarda a hannu. Mai shirya wasan dandali Peter Sellars kuma, tare da jagoran makaɗa Simon Rattle a Berlin a 2010, ya sa mawaƙa suna yawo a dandali, suna durƙuso, suna rungumar juna. Wasu sun yi hawaye, wasu sun ce wannan ai shi ne wasan kwaikwayon da majalisar Leipzig ta hana. Ni ina ganin duk ƙoƙari ne na cike gurbin abin da ba ya dawowa, wato jama'ar da ta san waƙoƙin da ka, da wa'azin tsakiya, da mako shidan shiru. Shi ya sa a wasu coci-cocin Jamus da Holan har yanzu ake roƙon mutane kada su yi tafi idan an gama.

Mai karatu da ke son gwadawa ba sai ya sayi komai ba. Ƙungiyar Bach ta Holan ta zuba ayyukanta kyauta a YouTube ƙarƙashin shirin All of Bach, ciki har da aikin Matiyu da Jos van Veldhoven ya jagoranta a cocin Naarden. Kafin ka kunna, ka karanta sura 26 da 27 na Matiyu, akwai su da Hausa, don ka san inda labari ya dosa ko da ba ka jin Jamusanci. Kada ka ce sai ka cinye shi a zama ɗaya, ka tsaya a ƙarshen kashi na farko ka huta. Kuma ka nemi abin sawa a kunne, domin lasifikar waya ba ta fitar da layin ƙasa, a kansa kuwa aka ɗora ginin duka.